Tsintacciyar Kaset da Dutsen Kabo

Ranar 25 ga Afrilu, 1971, a daidai lokacin da manoman ƙasar Kano ke ƙarasa sharar gona suna kai taki kafin saukar ruwan farko, wasu duwatsu suka faɗo daga sama a yankin Kabo, wanda a zamanin yake cikin gundumar Gwarzo, a yau kuma yana cikin shiyyar Kano ta Arewa. Abin da aka tsinta aka tara ya haura kilo 13. Masana duwatsun sama suka auna su, suka yanka, suka duba, suka sa musu sunan garin, kuma har gobe sunan Kabo yana cikin kundin da duniya ke lissafa irin waɗannan baƙi. Ba kyamara ce ta tabbatar da wannan al'amari ba. Abin da ya tabbatar da shi mutane ne da aka san garinsu, da rana da aka rubuta, da dutse da hannu zai iya ɗauka. Na fara da Kabo ne domin ina so in auna wani nau'in fim da ya yi tashe a Turai da Amurka, wanda duk jarinsa shi ne da'awar cewa wani abu ya sauko daga sama kuma kyamara ta kama shi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Tarihin waɗannan finafinai ya nuna cewa karin maganar tana da sharaɗin da kakanninmu ba su ga buƙatar faɗa ba, wato sai idan an san wanda ya gani ɗin.

Tsarin fim ɗin ba shi da wuyar bayani. Za a ce wa mai kallo an tsinci wata kaset ko wata kyamara a daji ko a wani kango, masu ita sun ɓace, ga abin da ke ciki ba ƙari ba ragi. Hoton yana rawa, haske ba ya isa, murya tana yankewa, mai ɗauka yana haki, daga ƙarshe kyamarar ta faɗi ƙasa. Duk abin da ƙwararren mai shirya fim yake ɓoyewa a matsayin aibi, a nan shi ake tallatawa a matsayin hujja. Ni dai finafinan tsintuwa nake kiran su, kuma kalmar ta dace fiye da yadda masu su za su so. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya tsinci abu mai daraja ba ya zama nasa nan take, sai ya yi cigiya har shekara ko za a samu mai shi. Fim ɗin tsintuwa kuwa an gina shi ne a kan kada a yi cigiya. Tun a cikin labarin an kashe mai kaset ɗin ko an ce an ɗauke shi zuwa wata duniya, don haka babu wanda za a zaunar a tambaya: yaushe, a ina, kai da wa?

Dabarar ta girmi kaset ɗin bidiyo. Ranar 30 ga Oktoba, 1938, Orson Welles ya gabatar da wasan kwaikwayo a gidan rediyon CBS na Amurka cikin siffar labarai da ɗumi-ɗuminsu, ana katse kiɗa ana sanar da cewa halittu daga duniyar Mars sun sauka a jihar New Jersey. Wasu masu sauraro sun firgita da gaske, ko da yake masu binciken baya sun nuna jaridu sun zuzuta yawansu. A fagen fim, wanda ake yawan ambata a matsayin mafari shi ne Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, ɗan Italiya, a 1980. Hukuma ta ƙwace fim ɗin, aka gurfanar da Deodato, kuma jita-jitar cewa an kashe 'yan wasan da gaske ta yi ƙarfin da sai da ya nuna suna nan da ransu. Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu ƙaramin fim ne da Dean Alioto ya shirya a 1989 da kuɗin da bai wuce dala 6,500 ba, wanda daga baya aka fi sani da The McPherson Tape. An nuna wani iyali suna bikin zagayowar haihuwar yarinya a wani dare na 1983, wuta ta ɗauke, maza suka fita dubawa, suka ci karo da jirgi da wasu ƙananan halittu masu manyan idanu. Gobara ta cinye ɗakin ajiyar kamfanin da zai rarraba fim ɗin, asalin kaset ɗin ya salwanta. Kwafin da suka ci gaba da yawo hannu zuwa hannu an guntule musu jerin sunayen 'yan wasa, sai masu bin diddigin jiragen baƙin halittu suka karɓe shi a matsayin shaida ta gaskiya, har a tarukansu. Alioto ya sha fitowa yana cewa shi ya shirya, kuma yara ne suka sa kayan dodannin, amma akwai waɗanda suka gwammace su yarda da kaset marar mai shi a kan mutumin da ya yi ta.

Wannan ƙaramin hatsari shi ne darasin da masana'antar ta haddace. A 1995 wani ɗan kasuwa a Landan, Ray Santilli, ya fito da wani fim baƙi da fari da ya ce hoton fiɗar gawar baƙuwar halitta ce da aka samu bayan wani jirgin baƙin halittu da aka ce ya faɗi a Roswell a 1947. Gidajen talabijin na ƙasashe da dama suka nuna shi, kuma sai a 2006 ya amsa cewa abin da aka kalla shiryawa aka yi a wani ɗaki, da gunki. A 1999 The Blair Witch Project ya mayar da dabarar hanyar arziki: Daniel Myrick da Eduardo Sánchez suka buɗe shafin intanet mai ɗauke da rahotannin ƙarya, aka raba takardun cigiyar 'yan wasan kamar sun ɓata, fim ɗin da aka ɗauka da kuɗi ƙalilan ya tara kusan dala miliyan 250. Daga nan ƙofa ta buɗe. Paranormal Activity na 2007 an ɗauke shi da kimanin dala 15,000. Cloverfield ya zo a 2008, Apollo 18 a 2011, Area 51 a 2015, Phoenix Forgotten a 2017, wanda ya jingina da fitilun da mutane suka ce sun gani a samaniyar jihar Arizona a watan Maris na 1997. Dalilin yawaitarsu a fili yake: araha. Dodon da ba a nuna shi sosai ba ba ya cin kuɗin ƙerawa, duhu kuma kyauta ne.

Akwai guda ɗaya da ya kamata mu daɗe a kansa, ba don kawai mai shirya shi, Olatunde Osunsanmi, ɗan asalin Najeriya ne da ya tashi a Amurka ba. The Fourth Kind ya fito a 2009, ya ce a garin Nome na jihar Alaska mutane suna ɓacewa domin baƙin halittu suna ɗauke su. Jarumar fim ɗin, Milla Jovovich, ta fito da sunanta na gaskiya a farkon fim tana gaya wa masu kallo cewa za su ga ainihin hotunan da wata likitar ƙwaƙwalwa ta ɗauka. Sai a raba allo biyu, gefe guda wasan kwaikwayo, gefe guda abin da aka kira hoton asali. Duka biyun wasa ne, likitar ma 'yar wasa ce, kuma akasarin ɗaukar a Bulgeriya aka yi, cikin dazuzzukan da babu irinsu a Nome. Abin da ya sa wannan ya wuce wasa shi ne, da gaske mutane sun ɓace ko sun mutu a Nome, fiye da mutum 20 cikin shekaru masu yawa, mafi yawansu 'yan asalin yankin da suka shigo gari daga ƙauyuka. Hukumar FBI ta duba lamarin ta danganta yawancinsa da barasa da tsananin sanyi. Iyalai masu makoki suka wayi gari an mayar da 'yan uwansu kayan tallar fim. Kamfanin Universal, mai rarraba fim ɗin, ya ƙirƙiri labaran jarida na bogi da sunan jaridun Alaska, kuma daga baya ya biya ƙungiyar 'yan jaridar jihar dala 20,000 don a sasanta. Duk mai cewa wannan nau'in fim ba ya taɓa kowa, ya fara da yi wa mutanen Nome bayani.

To me ya haɗa wannan da Bichi da Dambatta da Makoda da Kunchi? Da farko kamar babu. Fim ɗin tsintuwa yana rayuwa ne da kaɗaici: gida ɗaya tilo a bakin daji, hanya marar kowa, maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiyar mota. Karkarar Kano kishiyar wannan ce. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka bayyana wannan yanki a matsayin ɗaya daga cikin ƙasashen noma mafiya cunkoso a Afirka, ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita, gona tana manne da gona, ba a barin saura, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya kowace da mai ita. A irin wannan wuri, abu ba zai sauko daga sama a gonar gero ya ɗauke iyali guda ba tare da mutum hamsin sun ji ƙara ba. Kafin hantsi mai unguwa ya sani, kafin azahar dagaci ya aika wa hakimi. Abin da ya sa labarin Kabo ya tsaya da ƙafarsa ke nan. Yawan jama'a kansa wani irin tsaro ne ga gaskiya, domin duk mai da'awa yana da maƙwabcin da zai ce ina nan a lokacin.

Kuma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe ya yi tunanin halittar wata duniya. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙonsa Kolin Koliyo da tafiyarsu sararin samaniya. 'Yan makaranta da yawa a Arewa sun karanta shi, ba wanda ya ruɗe, domin sunan marubuci yana kan bango. Hoto mai motsi ma ya shigo karkara da mai shi a bayyane. Motar majigi ta zamanin Turawa da ta gwamnatin Jihar Arewa tana zuwa ne da sanin hakimi, a kafa farin ƙyalle a fili, mai sharhi yana fassarawa da lasifika, a nuna tsafta da allurar rigakafi da noma irin na fim ɗin Baban Larai. Farfaganda ce, babu musu, amma kowa ya san ta wace ce, kuma wanda ya san mai magana yana iya rage wa maganar gishiri. Finafinan Hausa da suka taso daga Turmin Danya na 1990 su ma fuskokinsu sanannu ne. Idan aljani ya fito a ciki, 'yan kallo sun san sunan wanda ya sa kayan.

Wayar hannu ce ta warware wannan ƙulli. Layukan salula sun shigo Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru kuma kowace kasuwar ƙauye ta samu shagon caji da turi, inda ake loda wa mutum finafinai da waƙoƙi da wa'azi a memori. Sannan WhatsApp da Facebook da TikTok suka zo. Abin da ke isa hannun manomi a Tsanyawa ko Gabasawa sau da yawa ba cikakken fim ba ne, guntu ne na daƙiƙa talatin, babu farko, babu ƙarshe, babu sunan kowa, sai muryar wani da aka ɗora a kai yana salati yana cewa a tura wa 'yan uwa. Abin da gobara ta yi wa fim ɗin Alioto bisa tsautsayi, yanzu yatsa yana yin sa kullum da gangan. Kowane guntun bidiyo ya zama tsintacciyar kaset, tsintacciyar mage kuwa an ce ba ta mage. Kuma idon mai kallo, a Kano ko a Kalifoniya, an riga an horar da shi shekara arba'in cewa rawar hoto da duhu alamar gaskiya ce.

Mai musu zai ce ai nishaɗi ne, kamar tatsuniya, kuma mu ma muna da Dodo da Gizo da kura mai magana. Na yarda cewa son a tsorata cikin aminci ɗabi'ar ɗan Adam ce, kuma ba na ƙin fim don yana ban tsoro. Wasu daga cikin waɗannan finafinai aiki ne na gwaninta. Amma tatsuniya tana da ladabin da wannan nau'i ya yi watsi da shi. Tana da lokacinta, da dare, bayan an ci tuwo. Tana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, wanda sanarwa ce cewa an bar duniyar gaske. Tana rufewa da ƙurunƙus, har mai bayarwa ya ambaci ƙarya da bakinsa ya jingina ta ga Gizo. Kaka tana tsorata jikanta, amma ita ce kuma take kwance tsoron kafin ya yi barci. Fim ɗin tsintuwa cire waɗannan alamomi shi ne sana'arsa, kuma gwargwadon yadda ya ɓoye cewa shiri ne, gwargwadon nasararsa. A 2012 tashar Animal Planet ta nuna wani shirin bogi a kan 'yan ruwa cikin siffar binciken kimiyya, har hukumar kula da teku ta Amurka ta ga dole ta fitar da sanarwa cewa ba a taɓa samun shaidar irin wannan halitta ba. Tatsuniya ba ta taɓa sa hukuma ta yi wannan wahala ba.

Wani kuma, musamman daga waje, zai ce matsalar tamu ce, wai mutanen da suka yarda da aljanu komai aka nuna musu za su karɓa. Tarihin da na zayyana ya rushe wannan. Waɗanda suka gaskata kaset ɗin Alioto da gunkin Santilli ba 'yan karkarar Kano ba ne. Sannan imanin Musulmi da aljanu, idan aka bi shi yadda yake, garkuwa ne daga irin wannan bidiyo, domin Alƙur'ani a Suratul A'araf ya bayyana cewa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu, a Suratul Hujurat kuma ya yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da wasu cikin jahilci. Al'ummar da ta gaji ilimin isnadi, inda ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ji daga wa kuma yaya halinsa, ba ta rasa ma'auni ba. Har yau ganin watan azumi ba ya tabbata don wani ya turo hoton jinjirin wata. Sai mutum ya tsaya gaban dagaci ko hakimi da sunansa, a tambaye shi, labari ya hau ta hannun sarki har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Abin da ke damuna shi ne mun ajiye wannan ma'auni a zaure da masallaci, ba mu ɗauko shi zuwa allon waya ba. Farashin kuma ba baƙin halittu ba ne. Binciken da BBC ta yi a 2018 a kan rikicin jihar Filato ya gano cewa wasu munanan hotuna da aka yaɗa a Facebook a matsayin abin da ya faru a can ba a can aka ɗauke su ba, ɗaya ma daga Kongo yake, shekaru kafin rikicin, kuma 'yan sanda sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar ramuwar gayya.

Musun da ya fi ƙarfi shi ne na mai cewa ai kyamara ta fi ɗan Adam riƙon amana: mutum yana mantuwa, yana ƙari, yana son rai, ita kuwa abin da ke gabanta take kamawa. Akwai gaskiya a nan, kuma ba zan rage ta ba. Shaidar mutane ma tana iya ruɗewa ko da suna da yawa kuma zuciyarsu ɗaya. A watan Satumba na 1994 yara kimanin 60 a makarantar Ariel da ke Ruwa a Zimbabuwe suka ce sun ga jirgi da baƙin halittu a bayan filin wasa, kuma har yau ana jayayya a kan yadda tambayoyin manya suka shafi abin da yaran suka faɗa. Amma a duba lokacin da kyamara ta yi aikin shaida na gaske. Ranar 15 ga Fabrairu, 2013, wani dutse ya fashe a samaniyar Chelyabinsk a Rasha, mutane kimanin 1,500 suka ji rauni, galibi daga fasassun gilasai. Kyamarorin motoci da na gine-gine masu yawa suka ɗauka, daga kusurwoyi dabam-dabam, a wuraren da aka sani, masu su suna raye ana iya tambayarsu. Masana suka haɗa hotunan suka lissafa hanyar da dutsen ya biyo, daga baya kuma aka ciro babban gutsurensa daga tafkin Chebarkul. Malaman hadisi suna da suna ga labarin da ya zo ta hanyoyi masu yawan da ba zai yiwu a haɗa baki a kansa ba, suna ce masa mutawatiri. Fim ɗin tsintuwa kuwa kullum kyamara ɗaya ce, hanya ɗaya, mai ruwaya ya ɓace. Abin lura ne kuma cewa yanzu da biliyoyin mutane ke yawo da kyamara a aljihu, duwatsun sama suna ta bayyana a hoto tar, baƙin halittu kuwa har yau suna cikin hazo. Zuwan manhajojin da ke ƙirƙirar bidiyo daga rubutu ya ƙara tsananta lamarin, domin yanzu rawar hannu da ƙarancin haske ma ana iya odar su.

Baƙo daga duniyar Mars ya taɓa sauka a ƙasar Hausa, kuma a gona ya sauka. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, kusa da dutsen Zagami a lardin Katsina, wani manomi yana tsaron amfaninsa ya ji ƙara mai ƙarfi, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono, dutse ne mai nauyin kusan kilo 18. Aka kai shi hukumar binciken ma'adinai a Kaduna. Shekaru suka shuɗe kafin a iya faɗin asalinsa. Sai da kumbunan Viking suka sauka a Mars a 1976 suka auna iskar can, sannan a shekarun 1980 aka gano irin wannan iska a kulle cikin wani dutsen danginsa da aka tsinta a Antaktika, a tsakiyar shekarun 1990 kuma aka same ta a cikin na Zagami kansa. An yanyanka shi, gutsattsarinsa sun watsu a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da hannun dillalai a ƙasashe da dama, kuma duk mai shakka yana iya neman ɗan yanki ya sake aunawa. A 1996 masu bincike a Amurka suka manna wani ɗan ƙwaya daga cikinsa a jikin wata na'ura ta kumbon Mars Global Surveyor, aka harba shi. Kumbon ya yi aiki yana kewaya Mars har watan Nuwamba na 2006, lokacin da aka daina jin ɗuriyarsa, da ɗan gutsuren gonar Zagami a jikinsa.